Diyya ce ko tallafi? Tambayoyi biyu kan taron sauyin yanayi

Tambaya: Malam, a labarai wasu na cewa an kafa "asusun biyan diyya" ga ƙasashen da sauyin yanayi ya yi wa ɓarna, wasu kuma "asusun tallafi". Wanne ne daidai?

Amsa: Malama, a nan gizo yake saƙa, domin kan wannan bambancin ƙasashe suka shafe shekaru suna ja-in-ja. Diyya kalma ce da muka aro daga Larabci ta hanyar fiƙihu, asalinta dukiyar da ake biya idan an kashe rai ko an raunata mutum. Daga baya ta faɗaɗa, har ana biyan diyyar gona ko gidan da aka rushe. Amma duk inda ta je tana tafe da abu biyu: akwai wanda alhaki ya rataya a wuyansa, kuma abin da aka bayar haƙƙin mai karɓa ne. Tallafi kuwa daga "tallafa" yake, wato sa hannu a riƙe abu kada ya faɗi. Mai tallafi bai amsa laifi ba. In ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya janye hannunsa.

An amince da kafa asusun a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, COP27, a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, shekarar da ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Pakistan, aka ƙaddamar da shi a Dubai a 2023 da alkawuran kimanin dala miliyan 700. Sai dai tun a 2015, cikin ƙudurin da ya raka Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, an rubuta ƙarara cewa batun asara da ɓarna ba zai zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba. Ƙasashe masu arziki ne suka dage a kan haka. Don haka mai fassara da ya ce "diyya" ya ba mai sauraro tabbacin haƙƙin da ba a amince masa da shi ba, kuma wannan yana damuna. A ce "asusun asara da ɓarna", a bayyana cewa gudummawar ta ganin dama ce.

Tambaya: Ko "kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi" ta dace da halin Afirka a wannan batu?

Amsa: Ta dace ƙwarai. Gardi shi ne mai wasa da kura. Ita ke shan sanda a gaban jama'a, kuɗin 'yan kallo kuma aljihunsa suke shiga. Ana kawo karin maganar ne idan wahala ta faɗa kan wani, riba ta tafi wajen wani. Afirka ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ga fari da ambaliya suna cin ta.

Abin lura ɗaya, Malama: gardin a nan ba ɗaya ba ne. Amurka ce ta fi kowa tara hayaƙi a tarihi, Sin ce ke kan gaba a kowace shekara yanzu. In za ki yi amfani da karin maganar a rubutu, ki faɗi wanda kike nufi.