Amsar Kawu kan zanen auren teku a Venis

Ɗana, na ga hoton zanen da ka turo. Ka ce an gaya maka wai mutanen cikinsa aure suke ɗaura wa shugabansu da teku, kana tambaya ko bautar ruwa ce. A'a, harkar mulki ce da kasuwanci.

Birnin Venis ne na Italiya. Mai zanen kuwa Kanaletto ne, ɗan garin, an haife shi a 1697 ya rasu a 1768, kuma da fentin mai ya yi shi a kan ƙyalle. Duba wancan ƙaton jirgin mai jan rufi, wanda aka shafe da ruwan zinariya, ga sandunan tuƙi jere a gefensa. Sunansa Bucintoro, jirgin shugaban gari ne da suke kira Doje. Doje ba ya gadon kujera, manyan gari ne ke zaɓensa ya riƙe har mutuwa. Ƙananan kwale-kwalen da suka yi masa caa kuwa, 'yan kallo ne da masu hannu da shuni.

Sau ɗaya a shekara, ranar da Kiristoci ke tunawa da hawan Annabi Isa sama, kwana 40 bayan Ista, Doje ke shiga jirgin a tuƙa shi zuwa Lido, inda ruwan gari ya haɗu da teku. Can zai jefa zoben zinariya cikin ruwa, ya ce da Latin: mun aure ki, ya teku, alamar mulki na gaskiya mai ɗorewa. Ka ji ai babu roƙo a ciki, shela ce ga maƙwabta cewa tekun Adiriyatik da hanyoyin fataucinsa na Venis ne. Kamar hawan Sallah ne a wajenmu: sarki ya fito, jama'a su ga ƙarfin sarauta da idonsu.

Asalin fitar tun shekara ta 1000 ne, lokacin da Doje Orseolo na Biyu ya tashi da jiragen yaƙi zuwa gaɓar Dalmashiya, a ƙetaren tekun Adiriyatik. Zancen zobe kuma ana danganta shi da Paparoma Alekzanda na Uku, a 1177.

Abin da nake so ka lura da shi, lokacin da Kanaletto ke wannan zane ƙarfin Venis ya riga ya ja baya, ado ne ya rage. Attajiran Ingila masu yawon buɗe ido su ne manyan masu sayen irin zanen, shi ya sa ya maimaita shi sau da dama. A 1797 Napoliyon na Faransa ya kawo ƙarshen jamhuriyar Venis, shekara ta zagayo sojojinsa suka farfasa adon jirgin suka ƙone don su kwashi zinariyar.

Bikin dai bai mutu ba, yanzu magajin gari ne ke jefa zoben. Ka gaida mahaifiyarka.