Makin timeshare ko kuɗi a otal ɗin New York?

Malam, ka ce kana da maki a Hilton Grand Vacations, kulob ɗin timeshare (inda mutum ke sayen rabo a gidajen hutu, ana ba shi makin kwana duk shekara), za ka kwana uku a New York, kana tambaya ko ka kashe makin a otal ko ka biya kuɗi. Ni dai a wurina, biya kuɗi ya fi.

Makin nan ba kyauta ba ne. Ɗauko takardar kuɗin kula da gida da kake biya duk shekara, ka raba shi da adadin makinka, sai ka ga nawa kowane maki ya tsaya maka. Ninka wannan da makin da kwana ukun za su ci, ka ajiye kusa da farashin ɗakin. Galibi in aka juya makin zuwa Hilton Honors, wato makin da ake biyan otal ɗin Hilton da shi, darajarsa faɗuwa take yi, kuma akwai kuɗin juyawa, sannan in an juya ba ya dawowa. Makin da zai ba iyalinka gida mai kicin da falo a Orlando na mako guda, sai ka ƙarar da shi a ɗan ɗakin da akwati biyu ma da ƙyar.

Amma fa ka haɗa da haraji a lissafin, don na otal a New York ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari, ga kuɗin "resort", ƙarin cajin da wasu otal ke ɗorawa kan kuɗin ɗaki, da wanda ya biya da makin Honors ba ya biya. In tafiyar a Disamba ce, lokacin da farashi ke haukacewa, ko makin na dab da mutuwa, to kashe shi. Kafin nan ka duba masaukin da ake kira West 57th Street a New York, gidan kulob ɗin ne, ba sai ka juya komai ba.