Hukuncin buɗe shafin bogi don ramawa ga masu zagin Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Ingila. Akwai shafuka a Facebook da X masu sunan bogi da hoton aro, ba su da aiki sai cin mutuncin Musulmi. Ni da abokaina mun yi shawarar mu ma mu buɗe irinsu da sunayen Turawa, mu kutsa cikinsu mu rama. Wani ya ce ya halatta, tunda yaƙi ɗan zamba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da kishin addini, ɗana. Abin da ke ci maka rai ya isa ya ci. A ranar 29 ga Yulin 2024 aka kashe yara mata uku a garin Southport na Ingila, nan take shafukan bogi suka ƙirƙiro sunan Larabci suka laƙaba wa makashin, suka ce Musulmi ne ɗan neman mafaka. Washegari aka far wa masallacin garin da jifa, alhali yaron da ya yi kisan haifaffen birnin Cardiff ne a Birtaniya, sunan kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Duk da haka, abin da kuka shirya bai halatta ba.

Ɓoye suna daban, shiga rigar wani daban. Wanda ke tsoron cutarwa ya yi rubutu da laƙabi, yana faɗin gaskiya, babu laifi a kansa. Amma ka ce kai wane ne alhali ba shi ba ne, ka ari hoton bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ka zuba magana a bakin wata al'umma don a tsane ta, wannan ƙarya ce da yaudara da ƙazafi a haɗe. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Allah kuma Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci. Idan ramuwar ta kai ga zagin abin bautarsu, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana, domin shi ke jawo su zagi Allah.

Hadisin "yaƙi ɗan zamba ne" da abokinka ya kafa hujja da shi ingantacce ne, sai dai malamai sun ajiye shi a filin daga, ƙarƙashin shugaba, a kan mayaƙi sananne. Kai ko san wanda kake faɗa da shi ka yi? A ranar 21 ga Mayun 2016 wani shafi mai suna Heart of Texas ya kira zanga-zangar ƙin Musulunci a ƙofar wata cibiyar da'awa a birnin Houston na Amurka. Wani shafin, United Muslims of America, ya kira Musulmi su fito wuri guda, lokaci guda. Jama'a suka tsaya gefe da gefen titi suna yi wa juna ihu. A 2017 kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bayyana cewa duka shafukan biyu daga Rasha ake sarrafa su, kuɗin tallar kuma wajen dala 200 ne kacal. Waɗanda suka fito kare masallaci sun fito da zuciya ɗaya, amma mai kiran nasu fitina yake nema. Shafinku zai zama ƙarin itace ne a wannan wutar, kuma ranar da asiri ya tonu, masallacin unguwarku da matan da ke fita da hijabi su za su biya.

Haka ma yaɗa hoton zagin a zaurukan WhatsApp da sunan "ku ga abin da suke faɗa". Ka ɗauke wa maƙiyi dakon kayansa kyauta, domin waɗannan manhajoji suna ƙara tura duk abin da aka fi tankawa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta wajabta bincike kafin ɗaukar labarin fasiƙi, balle wanda ba a ma san fuskarsa ba.

Wanda aka zalunta yana da damar ɗaga murya, kamar yadda aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta nuna. Ku adana shaida, ku kai ƙarar shafin ga kamfanin, idan akwai barazana ku sanar da 'yan sanda da shugabannin masallacinku. Mai ilimi a cikinku ya warware ƙaryar da hujja, sauran su toshe shafin su wuce.

Wallahu a'alam.