Tambaya da Amsa: Shin zan iya raba wa ɗalibaina Android SDK a fulash?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da matasa haɗa manhajojin waya a Zariya. Kuɗin data ya yi mana yawa, shi ne nake so in sauke Android SDK, wato kayan aikin haɗa manhajojin Android, sau ɗaya in zuba wa kowa a fulash. Na ji ana cewa Android manhaja ce mai 'yanci, amma da na zo sakawa sai aka ce sai na amince da wata yarjejeniya. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri kan wannan hidima. Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinta ce.

Tushen lambobin Android, wanda ake kira AOSP, a buɗe yake. Mafi yawansa yana ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, zuciyarsa ta Linux kuma tana ƙarƙashin GPL na 2. Duka biyun sun ba ka damar kwafa, gyarawa da rabawa. Sai dai kayan da kake saukewa daga shafin Google, waɗanda aka riga aka harhaɗa aka naɗe, suna zuwa da tasu yarjejeniyar daban. Ita ce wadda ka gani. Idan ka rubuta umarnin sdkmanager --licenses a kwamfuta, rubutun nan mai tsawo da ke zubowa kana danna y ba ka karanta ba, shi ne ita.

Ka daure ka karanta sashe na 3 na yarjejeniyar. A nan aka ce an ba ka kayan ne kawai don haɗa manhajoji na wayoyin da suka dace da tsarin Android, kuma ba ka da izinin kwafa, in ban da ajiyar ko-ta-kwana, balle gyarawa ko sake rabawa. An dai ware sassan da ke da buɗaɗɗen lasisi, aka ce su lasisinsu ne ke hukunta su. Matsalar ita ce a cikin jaka ɗaya suke gauraye, tantance su kuma aiki ne. Saboda haka raba jakar gaba ɗaya ya saɓa wa abin da ka amince da shi, ko da ba ka karɓi ko sisi ba. Kyauta daban, 'yanci daban.

Wannan ya daɗe yana damun mutane. A ƙarshen 2012 Google ya ƙara sharaɗin hana duk abin da zai raba Android zuwa nau'o'in da ba su dace da juna ba, a farkon 2013 kuma masu aikin Replicant, wani nau'in Android mai cikakken 'yanci, suka fitar da nasu SDK da suka harhaɗa da kansu daga tushe. Debian, wani nau'in tsarin Linux na kwamfuta, ita ma haka ta yi. Abin da ka saka a Debian da umarnin apt install adb ko fastboot, wato kayan sarrafa waya daga kwamfuta, Debian ce ta gina shi daga buɗaɗɗun lambobi, kuma wannan kana iya zuba shi a fulash ɗari ba laifi. Aibinsa guda: kayan haɗa manhaja na Debian sun tsufa sosai idan aka kwatanta da na Google. Sun isa koyon tushe, amma ba za su kai ka ga abin da Play Store ke nema yau ba.

Shawarata: ka kafa kwamfutocin aji, a sauke a kansu, ɗalibai su yi aiki a nan. Mai kwamfutar kansa ya sauke nasa ya amince da hannunsa, ya zaɓi sigar Android guda ɗaya tak, ya bar manhajar kwaikwayon waya a kwamfuta (emulator) mai cin data, ya gwada aikinsa a wayarsa ta kebul.

Tambaya: Idan na haɗa manhaja da wannan SDK, Google na da haƙƙi a kanta?

Amsa: A'a, yarjejeniyar da kanta ta ce manhajarka taka ce, kana iya sayar da ita ko ka buɗe ta. Amma ka kula da abin da kake cusawa ciki. Google Play Services (hidimomin Google na cikin waya) da AdMob (tsarin tallansa) rufaffu ne, kuma muddin suna cikin manhajarka, F-Droid, kasuwar manhajoji masu 'yanci zalla, ba za ta karɓe ta ba.