Kada ka aske lambun tas tun sanyi bai wuce ba

Ka aiko kana tambaya: "Maigida, ga Nuwamba ta shigo, fulawowin gidan nan na birnin Lidis a Ingila da ka ba ni kulawa duk sun bushe, ciyawar adon ma ta koma kamar karan dawa bayan girbi. Matar gidan tana so a share wurin. In sa almakashi in aske komai har ƙasa?"

Ajiye almakashin tukuna, ɗana. Na san abin da ke jan hannunka. A gida in kaka ta wuce, busasshiyar ciyawa kusa da ɗaki ba abin bari ba ce, ga gobarar hunturu, ga maciji da kunama. Amma hunturunmu busasshe ne, sanyin Ingila kuwa jiƙaƙƙe. Daga Oktoba har Maris ruwa ake yi, a Disamba hasken rana a Lidis ba ya cika awa 8, ƙasa kuma ba ta samun sukunin shanyewa. Yawancin shukar da za ka tarar ta mutu a bazara ruwa ne ya kwanta mata a gindi ya ruɓar da ita, ko ya daskare a ciki ya farfasa ta. Sanyi shi kaɗai bai cika kashe su ba.

Shuke-shuken nan irin gamba ne. Sama ta bushe, rai yana ƙasa. Inda kara ya haɗu da saiwa, nan idanun tohon baɗi suke kwance, wuri ne da sau da yawa bai fi tafin hannunka ba. Duk aikinka na watannin nan huɗu tsare wannan wuri ne. Busasshen karan da ke tsaye a kansa rumfa ce: yana karya iska, yana tare raɓar da ke daskarewa da asuba, yana kuma karkatar da ruwa gefe. In ka yanke shi a Nuwamba ka buɗe gindin, in kuma karan mai rami ne ka mayar da shi mazurari, ruwa ya bi ta ciki har kan idanun.

Saboda haka kowace shuka ka kama ta da hannu kafin ka yanke mata hukunci. Wadda ta bushe ƙayau tana tsaye, bar ta. Wadda ta narke ta kwanta, ta yi yauƙi, kwashe ta yau. Wadda ganyenta ke da baƙin tabo ko farin gari kamar an barbaɗa mata toka, yanke ta ka fitar da ita daga lambun gaba ɗaya.

Hosta, shuka mai faɗin ganye, ita ce ta farko a masu narkewa. Raɓar ƙanƙara ɗaya ta isa ta mayar da ganyenta kamar dafaffen alayyafo, a ƙarƙashinsa kuma dodon koɗi yake fakewa da ƙwayayensa, su ne za su huhhuda maka sabon ganye a Afrilu. Ba ka ma buƙatar almakashi, ja kawai zai taho. Fiyoni mai mutuwa har ƙasa ka yanke ta dab da ƙasa, domin fumfunar da ke sa tohonta ya yi baƙi ya langwaɓe a tsohon kara take kwana. Amma ka duba da kyau, akwai fiyoni mai jikin itace, wannan ganyen da ya zube kawai ake kwashewa, in ka sare ta ka sare furen baɗi. Fuloks da monada in sun yi farin gari, su ma ƙasa. Helebo kuwa sai ƙarshen Disamba ko Janairu, lokacin da kan furenta ya fara leƙowa, ka cire tsofaffin ganyen ɗaya bayan ɗaya. Duk ganye mai cuta kada ya shiga jujin takin gidan. Ƙaramin juji ba ya ɗaukar zafi a sanyin nan, cutar za ta rayu ka dawo da ita da hannunka. Kwandon sharar lambu na ƙaramar hukuma za ka zuba. In ka gama da shuka mai cuta ka goge bakin almakashin da sifirit kafin ka taɓa ta gaba.

Fulawowi irin su sedum, ekinasiya, rudbekiya, fulomis da irinjiyam karansu yana da ƙarfi, sai ka bar su har Fabrairu ko Maris. Ƙananan tsuntsaye suna cin irin da ke kawunansu lokacin da abinci ya yi wuya, ƙwarin nan ja mai baƙin ɗigo da ke cinye darɓa kuma a cikin busasshen kara yake fakewa. In ka kwashe masa maɓoya, a Mayu za ka ga darɓa ta lulluɓe wardi ba mai taɓa ta.

Akwai kuma masu raki: fenstemon, salbiya mai jikin itace, gaura, babina doguwa da fushiya. Waɗannan ko sun yi muni kada ka taɓa su sai Afrilu, sai ka ga toho a ƙasan karan da idonka sannan ka yanke sama da shi. In iska na jijjiga su, rage musu kashi ɗaya cikin uku na tsayi, shi ke nan. Labanda askinta a Agusta ne bayan fure, kuma ba a shiga tsohon itacenta, don sau da yawa ba ya sake tohowa.

To, ciyawar ado, wadda ita ce aka fi yi wa ɓarna. Gida biyu ce, kuma sai ka raba su kafin komai. Buɗe tsakiyar kututturen da hannu biyu ka leƙa. In ganyen ya koma ruwan ƙasa tun daga sama har gindi, mai mutuwar sama ce, ana aske ta sau ɗaya a shekara. In ka ga kore gauraye da busasshe, mai zama da ganyenta ce, ba a aske ta, tajewa ake yi.

A gidan farko akwai miskantus, dangin rake da dawa, shi ya sa ka ga kamar karan dawa. Akwai kalamagurostis, musamman wadda ke ɗauke da sunan Karl Foerster, Bajamushen mai renon shuke-shuke, sai fanikum, moliniya da fenisetum, wanda ɗan'uwan geronmu ne, dubi zangarniyarsa za ka gane. Ba rana ɗaya ake yanke su ba. Moliniya da kanta take zubewa wajen Disamba, karan ya tsinke daga gindi, ka tattara da hannu. Kalamagurostis tana farkawa da wuri, don haka a Fabrairu za ka gama da ita. Miskantus da fanikum sai ƙasa ta ɗumama suke motsi, Maris ya ishe su. Fenisetum shi ne na ƙarshe, bar masa rigarsa har Afrilu, jininsa na ƙasar zafi ne. Fenisetum mai jan ganyen nan ma ba ya kwana a waje ko kaɗan, a tukunya ake sa shi a shigar inda akwai haske kuma ƙanƙara ba ta kaiwa.

Miskantus yana da hali ɗaya da ke ɓata wa masu gida rai: daga Janairu ganyensa yake ɓallewa iska ta watsa har gidan maƙwabta. Maganinsa tun yanzu ka ɗaure shi da igiya kamar damin dawa, ɗauri biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙirji, kada ka matse har karan ya karye. Ɗaurin yana hana dusar ƙanƙara baje shi, ranar yanka kuma ya rage maka rabin aiki.

Ranar yankan, ka fara durƙusawa ka duba gindin. In toho bai fito ba, ɗaure damin tamau, ka sa babban almakashin shinge ko injinsa ka yanke santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa, kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Ka ɗauke damin ɗungurungum. Kada ka sauka ƙasa da haka, za ka ci idanun. In kuwa ka makara har koren toho ya shiga tsakanin tsohon kara, ajiye injin, ka ɗauki ƙaramin almakashi ka bi karan ɗaya-ɗaya. Ganyen ciyawa daga ƙasa yake tsawo, bakin da ka datse ba ya gyaruwa, haka zai tashi da gundulallen baki mai ruwan ƙasa har ƙarshen shekara, kowa ya gani ya san an makara. Bayan yanka sa yatsu ka tsefe tarkacen da ya taru a tsakiya domin iska da haske su shiga. Karan mai lafiya ne, sassara shi guntu-guntu kamar tsawon yatsa ka zuba a juji, in ka jefa shi dogo zai shekara biyu bai ruɓe ba.

Gida na biyu su ne sitifa, festuka mai shuɗin ganye, kareks da luzula. Sa safar hannu ta roba, irin ta wanke-wanke, ka cusa yatsu daga gindi ka ja sama a hankali. Robar tana kama mataccen ganye, mai rai ya zame. Tsohon karan fure ka yanke daga tushe. A Maris ko Afrilu ake wannan. Ka kiyaye da kareks, akwai irin da launinsa na asali ruwan ƙasa ne kamar tagulla, rani da damina haka yake. Masu koyo da yawa suna tumɓuke shi a zaton ya mutu. Ja ganye ɗaya, in ya yi gardama yana da rai.

Famfas, dogon nan mai farar tuta, gefen ganyensa zarto ne. Riga mai dogon hannu, safar fata da tabarau, ba a wasa da wannan. A Maris ka cire tsofaffin tutoci, ka yashe mataccen ganye da manjagara, in ya yi duhu ƙwarai ka rage shi zuwa kusan gwiwa. Kada ka cinna masa wuta yadda ake ƙona gamba, ko da wani tsohon mai lambu ya ce haka ake yi a da. Bushiya tana shiga ƙarƙashinsa ta yi barcin sanyi daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma a ƙasar nan ta yi ƙaranci. Kafin ka kunna kowane inji kusa da kututturen ciyawa ko tarin ganye, ɗaga gefen a hankali da sanda ka duba. In tana ciki, mayar mata da rufinta, aikin ya jira.

Kada ka tono kututturen ciyawa ka rarraba shi don dashe a sanyi, ko da ka ga tsakiyarta ta mutu ta bar zobe. Saiwar da aka sara yanzu ba ta warkewa, ruɓewa take yi. Kalamagurostis, festuka da kareks ana rarraba su a farkon bazara, miskantus da fenisetum sai ƙarshen Afrilu zuwa Mayu in sun fara toho.

Abin da za ka zuba a ƙasa yanzu ruɓaɓɓen taki ne ko ruɓaɓɓen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 7, a ranar da ƙasa ke da laima amma ba ta daskare ba. Zagaye gindin za ka yi, ka bar tazarar yatsa uku, kada ka binne shi. Masu ganye ruwan toka kamar labanda tsakuwa suke so a wuya, taki yana riƙe musu ruwa. Takin zamani irin su yuriya kuwa ajiye shi sai bazara, toho mai taushi yake jawowa sanyi ya ƙone shi. In ƙasar gidan laka ce, shimfiɗa katako ka taka a kai, domin sawun takalmi a jiƙaƙƙiyar laka yana toshe ta har rani. Bayan kowace daskarewa mai ƙarfi ka zagaya, za ka tarar ƙasa ta tunkuɗo shukar hukera da sabbin dashe sama, saiwa a waje. In ta narke ka danna su da hannu, ka ƙara ƙasa.

Furen daliya da furen kana, masu dankali a ƙasa, in sanyi ya baƙanta ganyensu, yanke ka bar santimita 15, ka tono dankalin, ka kife shi mako biyu ruwan cikin karan ya tsiyaye, sannan ka ajiye a busasshen yashi inda ba ya daskarewa. A kudancin Ingila mai ƙasa yashi wasu suna barin su da rufi mai kauri, a lakar arewa kada ka gwada. Tukwane ka ɗora su a kan bulo don ramin ƙasansu ya zubar da ruwa, ka naɗe jikin tukunyar da tsohon buhu, ka jera su jikin bango. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ke tsaga tukunyar yumɓu.

Saura matar gida, kuma tana da gaskiyarta, ba wanda ke son ƙofar gidansa ta yi kama da kango. Ka gaya mata dalili da ladabi, ka ce Hajiya ko Madam, wannan karan shi ne bargon shukar, a Maris za a kwashe. In tana shakka, lambun Wisley da ke yankin Sari a kudancin Ingila yana da manyan gadaje da Piet Oudolf, mutumin Holan, ya tsara, a tsaye ake barin su cikin sanyi mutane na zuwa kallo. Sannan ka yi aikin da ido ke gani: gyara bakin ciyawar tsakar gida ya fita sak, share hanya, kwashe ganyen bishiya da ya danne ƙananan shuke-shuke, cire duk karan da ya karye ya kwanta, ka yanke layin gaba na kusa da hanya. Kowane mako biyu ka koma ka cire abin da iska ta kayar. Inda ka yanke shuka har ƙasa, kafa ɗan tsinke da sunanta, don kada a Fabrairu kai ko wani ya sa cebur a kanta.