Zan raka ɗalibai taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, me ake so daga gare mu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya. An gayyace mu taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, ni aka ɗora wa raka ɗalibai takwas, kuma ban taɓa zuwa ba. Faransa aka ba mu, sai ɗaya daga cikin yaran ya ce shi ba zai tsaya ya kare Faransa a kan batun Sahel ba. Iyayen 'yan matan kuma suna ta tambayata maganar sutura da masauki. Wane hali ake so yaran su nuna, ni kuma mene ne aikina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Bari mu fara da yaron nan, don abin da ya faɗa shi ne ainihin darasin taron.

Da zarar ya zauna bayan allon da aka rubuta sunan Faransa, ra'ayinsa ya tsaya a bakin ƙofa, bakin gwamnatin Faransa ya ara. Ba a ce ya yarda da ita ba, an ce ya san hujjarta har ya iya faɗa yadda jakadanta zai faɗa. Ki sa shi ya karanta yadda Kwamitin Sulhu ya kafa rundunar wanzar da zaman lafiya ta MINUSMA a Mali a 2013 ya kuma rufe ta a 2023, da yadda sojojin Faransa suka bar Mali a 2022, suka bar Nijar a Disambar 2023, da abin da Faransa ta ce a kowane mataki. Ya kuma san cewa tana cikin ƙasashe 5 masu kujerar dindindin a kwamitin mai mambobi 15, wato tana iya hawa kujerar na-ƙi. A ganina yaro mai jin haushin Faransa ya fi kowa dacewa da wannan kujera, domin ya riga ya san zargin da za a jefo masa, sauran ya nemo amsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya je ya riƙa yi wa ƙasar da yake wakilta zagon ƙasa, ko ya mayar da ita abin dariya da kwaikwayon harshen mutanenta. Haka nan in ya caccaki manufar wata ƙasa, kada ya taɓa yaron da ke riƙe da allonta, ko addininsa, ko ƙabilarsa.

A cikin zaure magana tana da ƙa'ida. Mai son magana allonsa yake ɗagawa ya jira shugaban zama ya ba shi dama. A tarurruka da yawa ba a cewa "ni", sai dai "wakilin Faransa yana ganin kaza". Lokacin jawabi gajere ne, sau da yawa minti ɗaya ko ɗaya da rabi, in aka buga guduma an gama ko da kana tsakiyar jimla. Saƙo tsakanin wakilai a 'yar takarda ake rubutawa a ba masu kai saƙo, kuma suna iya buɗewa su karanta, saboda haka ki gaya wa samarinki tun yanzu ba hanyar neman lambar waya ba ce. Akwai kuma abin da ke damun yaranmu musamman: kunya. An rene su a kan kada su ja da babba, sai ka ga yarinya mai hujja a hannu ta yi shiru don wanda ya yi magana ya girme ta, ko Turancinsa ya fi nata santsi. Ki tuna mata cewa a Babban Zauren Majalisar ƙasashe 193 ne, kowace ƙuri'a ɗaya gare ta, da Amurka da 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai Tuvalu duk ɗaya.

Wurin da sababbin zuwa suka fi faɗawa rami shi ne daftarin ƙuduri, domin tsarin ba ɗaya ba ne. A salon THIMUN, taron kwaikwayo irin wannan da ake yi a birnin Hague na ƙasar Holland tun 1968, ɗalibi da daftarinsa yake zuwa daga gida, a can ya nemi masu ra'ayi irin nasa su haɗa nasu wuri guda. A salon Amurka kuwa, irin na Jami'ar Harvard, zuwa da rubutaccen ƙuduri laifi ne, dole a rubuta shi a wurin taro tare da sauran wakilai. Abin da ya zama wajibi a salon THIMUN shi ne haram a salon Amurka. Ki nemi littafin ƙa'idojin taronku ki ga wanne suke bi kafin ki sa yara aiki. Amma kwafe aikin wani daga intanet, ko miƙa takardar matsaya (wadda ke bayyana ra'ayin ƙasar da ake wakilta) da manhaja ta rubuta a ce ta yaro ce, wannan kada ma a fara. Tambaya ɗaya a zaure ta isa ta tona asirin wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba.

Maganar sutura ba ta da wuya. Kayan zuwa ofis ake so, ban da jins da takalmin ƙwallo da silifa. Hijabi da sauran suturar addini ba su saɓa wa wannan ba. Taron NMUN, wani babban taron kwaikwayo irin wannan da ake yi a New York, ma ya yarda da kayan gargajiya ga waɗanda a ƙasarsu da su ake zuwa aiki, abin da ya hana shi ne mutum ya sa kayan wata al'umma don wasan kwaikwayo. Duk da haka ki tambayi masu shirya naku a rubuce game da kaftani da hula, ki nuna wa iyaye amsar.

Yanzu ke. Aikinki kashi biyu ne masu karo da juna: a cikin zaure ki janye hannu gaba ɗaya, a waje kuma kada ki saki ko kaɗan. Na farkon ya fi wuya. Za ki zauna a kujerun baya kina ganin ɗalibinki yana shirin jefa ƙuri'ar da Faransa ba za ta taɓa jefawa ba, bakinki na ƙaiƙayi. Ba raɗa, ba ƙifta ido, ba saƙon WhatsApp, ba gyara masa jawabi a kan gwiwa. Ki rubuta abin da kika gani, a tattauna lokacin cin abinci. Shugabannin zama kuma galibi ɗalibai ne, wasu sa'o'in 'ya'yanki, amma a cikin ɗakin nan hukuncinsu ake bi. In kin ga an yi rashin adalci, ki kai ƙorafi ga sakatariyar taro a keɓe, kada ki tsare yaro a gaban jama'a. Kuma kada ki bi su kina yi wa ɗalibanki kamun ƙafar kyauta. THIMUN ma ba ya ba da kyautar gwarzon wakili, kuma ni ina ganin sun yi dabara.

A waje kuwa amanar mutane ce a hannunki. Ki karɓi izinin kowane uba ko uwa a rubuce, da lambar wayarsu, da bayanin duk yaron da ke shan magani. Tunda tawagar maza da mata ce, ki nemi makaranta ta haɗa ki da malami namiji. Ɗakunan mata daban, na maza daban, ba shiga ɗakin juna, kuma ki ƙirga su da idonki a lokacin da aka sa na kwanciya, kada ki aiki shugaban ɗalibai. Ba mai fita harabar masauki sai da malami. In akwai liyafar dare, ki faɗa wa iyaye tun kafin tafiya, wanda ba a yarje masa ba ki zauna da shi ko abokin rakiyarki ya zauna. Ki duba jadawalin tun yanzu: in zama ya ci lokacin Azahar ko Juma'a, ki sanar da masu shiri da wuri, yaran kuma su aika wa shugaban zama takarda kafin su fita da bayan sun dawo, don kada a rubuta ba su halarta ba ko a yi ƙuri'a babu Faransa.