Tambaya da Amsa: Safar hannun da za ta tare sanyi ba tare da ta hana aiki ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina riƙe kyamara a wajen aikin fim da bukukuwa. Yanzu haka muna da aiki a wajejen Tiga, kuma darakta yace shi hasken safiya yake so kafin rana ta ɗago, toh ana sallame asuba muke kama hanya wani lokacin ma a babur, kafin mu isa lokeshan yatsuna sun ƙandare ko madannin kyamara bana ji. Na sayi wata safar hannu mai kauri a gwanjo, ɗumi kam akwai, amma da ita bana iya murɗa fokas, sikirin ma baya amsawa sai na cire, ina cirewa kuma sanyin ya dawo. Dan Allah akwai marar kauri mai ɗumi? Daga mai ɗaukar hoto, Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya dafa. Akwai, amma bari in fara gaya maka gaskiya, waccan da ka saya ba dan sanyinmu aka yi ta ba. Yawancin masu kaurin nan da ke zuwa a dilar gwanjo na mutanen da ke wasa cikin dusar ƙanƙara ne a Turai da Kanada, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifiri. Mu nan Kano a Disamba da Janairu da sassafe yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wasu ranakun ya ɗan yi ƙasa da haka, musamman in ka fita bayan gari bakin ruwa irin Tiga. Abinda ke cinye maka yatsu shine jaura, iskar nan busasshiya mai ratsa saƙa, ga gudun babur ya ƙara mata ƙarfi, ga ƙarfen ƙafar kyamara da kake riƙewa yana zuƙe ɗumin tafin hannunka. Dan haka kar ka je neman kauri, ka nemi wadda iska bata wuce ta.

Gwajin ma ba wuya, tun a gaban mai kaya ka kara ta a bakinka ka hura da ƙarfi, in ka ji iskar ta fito ta ɗaya ɓangaren toh haka jaura zata shige ta. Irin saƙaƙƙun nan masu kalakala da ake rataye wa a bakin titi lokacin hunturu duk anan suke faɗuwa. Wadda nake so maka itace mai santsi ta waje mai ɗan talewa, cikinta kuma da laushi laushi mai gashi gashi, irin ta masu tseren keke ko masu gudun safe. Ka juya cikinta ka karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinke a baki. In ka ga an rubuta Windstopper dace ne, an yi ta ne dan tare iska. In kuma Thinsulate ka gani, na kamfanin 3M, toh ka duba lambar da ke gefe, nauyin abin da aka cusa a ciki take nunawa: mai giram 40 itace taka, mai 100 ta fara nauyi, daga 150 zuwa 200 kuwa ka mayar musu da abarsu.

Auduga zalla ban baka shawara ba, tana shan gumi ta riƙe, kuma da ta jiƙe sai ta koma ita ke sanyaya ka. Ulu ya fi ta nesa ba kusa ba dan ko ya ɗan yi danshi yana riƙe ɗumi, sai dai shi kaɗai iska na ratsa shi kuma yana da sulɓi a jikin kyamara.

Anan ne nake ganin muna da abinda muke rainawa, wato fatar akuya. Jar fatar akuyar nan ta Sakkwato da ake jemewa a ƙasar nan, wadda tun zamanin fatake ake ketare Sahara da ita har Turawa suka dinga ce mata fatar Maroko, tana cikin fatun da suka fi dacewa da safar hannu, bata da kauri, ga laushi ga ƙarfi, iska bata ratsa ta kuma tana kama abu bata zamewa. In ka samu wadda tafinta fatar akuya ne bayanta yadi ka riƙe ta da kyau. Wallahi yana min ciwo ace muna da majema muna da dukawa a Kurmi amma sai mun jira an ɗinko mana daga waje, in da zaka samu baduku mai haƙuri ka kai masa tsohuwa ya farke ya ɗauki yanka, ina ganin zai iya.

Sai maganar awo, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Suna ɗauka in ta matse sosai ta fi ɗumi, alhali matsi yana rage gudun jini zuwa yatsu, jinin nan kuma shine ɗumin, safar riƙe shi kawai take yi. Ka sa tela ya zagaya tafin hannunka da tef banda babban yatsa, in ya bada inci 8 wato kusan santimita 20 yawanci M ce taka, inci 9 kuma L, duk da kamfani kamfani suna ɗan bambanta. Ta kwanta a hannu luf, kan yatsun kar ya yi saura yana lilo, in ka dunƙule hannu kuma kar ka ji tana ja. Ka tafi kasuwa da kyamararka, ko Kofar Wambai ko Sabon Gari, ka saka ka murɗa fokas ka canja batir ka zaro memori, in ta bari ka yi waɗannan ukun toh ku yi ciniki.

Shi kuma sikirin, wutar jikin mutum yake ji shi yasa yadi ke toshe shi. Akwai masu wani zare na musamman a kan manuniya da babban yatsa, zaka ga wajen ya ɗan bambanta da sauran, amma ka gwada a wayarka nan take dan ta gwanjo wani lokacin zaren ya riga ya cinye. In baka samu ba ka kai wa tela ya tsaga kan yatsun nan biyu ya daje bakin, ka dinga zaro su lokacin ɗauka kana mayarwa. Waccan mai kaurin kuma kar ka yar, ka ɗora ta akan marar kaurin in kana kan babur, kuna isa ka cire ta sama ka cusa a jaka.

Abu ɗaya da bana so ka manta, in ƙirji da kai suna jin sanyi jiki da kansa yake tsuke jijiyoyin hannu ya tattara jini ciki, toh ko wace safa ka saka baza ka ji daɗinta ba. Ka sa rigar sanyi mai tare iska da hular da ta rufe kunne, ka karya ko da shayi da burodi ne kafin fita. Bayan alwala ka goge hannu ya bushe ƙarau, ka shafa man kaɗe ko basilin kaɗan saboda faso sannan ka saka. Batir ɗin ajiya ka sa shi a aljihun ciki, shima sanyi na sa shi saurin sauka. In kuwa ka ga yatsun suna yin fari fat ko shuɗi suna zafi in ɗumi ya dawo, ko kana da sikila, wannan ya wuce maganar safa, ka ga likita.

TAMBAYA: Malam ni farauta nake fita da rani da bindigar toka, shekaru sun ɗan ja, sanyin dawa yana kama min hannu. Yarana sun kawo min safar hannu amma ina ɗar ɗar da ita. Daga wani dattijo, Rijiyar Lemo.

AMSA: Baba ina gaisuwa, kuma ɗar ɗar ɗinku akan hanya take. Safa mai kauri tana cika ramin kunamar bindiga, tana iya taɓa ta kafin ku yi niyya, kuma bata bari yatsa ya ji nauyin da yake dannawa. Ku sa mai kaurin a hannun da ke tallafe bindiga, hannun harbi kuma marar kauri ta fata, ko a yanke kan manuniyar. Ku gwada ta a gida da bindigar da kuka tabbatar babu ɗuri, bakinta na kallon inda ba kowa, in yatsa bai shiga ya fita sakayau ba a canja wata.

Lokacin ɗuri ku cire ta gaba ɗaya, albarushi yana maƙalewa a saƙa. Masu kama da leda ɗin nan kuma narkewa suke su manne a fata in wuta ta lashe su, dan haka in an hura wuta a dawa za a ji ɗumi a fara cire su, hannun da ya ƙandare kuma kar a kai shi dab da garwashi dan baya jin ƙuna sai ta yi illa, ku cusa shi a hammata ko cikin riga har sai jini ya dawo.